Wane Irin Jiki Ne Da Jaruman Littattafanmu?

Maganar yau tana da ɗan ɗaci, don haka muna roƙon a karanta ta har ƙarshe kafin a ɗauko mana sanda.

Akwai wani likita da ya fi kowane likita aiki a ƙasar Hausa, kuma ba a Shika yake ba, ba a asibitin Malam Aminu Kano ba. A cikin littattafan soyayya yake zaune. Duk kun san shi. Shi ne mai fitowa daga ɗakin gaggawa yana share gumi, ya zare farin gilashinsa, ya kira Alhaji ofis, ya sanar da shi cewa zuciyar yarinya ta kumbura saboda damuwa, in ba a ba ta abin da take so ba nan da sati biyu za a rasa ta. Alhaji ya yi salati, ya janye maganar auren dole, a ɗaura da wanda take so. Kwana uku bayan biki sai ga amarya a kicin tana soya wa ango ƙwai, kumburin ya sace shi kaɗai kamar tayar keke.

Matsayarmu a kan wannan likita a fili take: lokaci ya yi da za a sallame shi. Duk marubucin da zai kwantar da jarumarsa a gadon asibiti, ya zama dole ya san yadda Allah ya ƙera jikin ɗan Adam da yadda yake aiki, gwargwadon abin da labarinsa ya taɓa. Wanda ba zai iya wannan ɗawainiyar ba, ya nemi wata hanyar raba masoya ko haɗa su. Hanyoyin suna da yawa.

Ku dubi abin da ake sa ɗalibin likita ya yi kafin a bar shi ya buɗe baki a gaban majinyaci. A Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, karatun shekara shida ne. Bayan shekarar farko ta kimiyya, yakan kwashe wajen shekara ɗaya da rabi bai taɓa mara lafiya ba. Yana kan anatomi, wato ilimin ƙirar jiki, da fiziyoloji, wato ilimin yadda sassan ke aiki, da ilimin sinadaran jiki. Yana shiga ɗakin gawa da abokan karatunsa, su bi hannu ɗaya na makonni, su ga inda kowace jijiya ta taso da inda ta ƙare. Ƙasusuwa 206 ne a jikin baligi, kowanne da sunansa da ramukansa da tsokar da ta kama shi. Sai ya ci babbar jarrabawa a kan waɗannan kafin ya taka ɗakin majinyata, kuma wanda ya yi ta faɗuwa sallamarsa ake yi. Ɗan uwansa na Yamai haka yake sha, da Faransanci. Duk wannan wahalar, likita nawa zai gani a wuni? Hamsin, ko ɗari in layi ya yi tsawo. Shi kuwa marubuci, a kwance da waya a hannu, cikin minti biyar ya sanya wa likitan ƙarya magana a baki. Littafin ya bi gidajen WhatsApp, a karanta shi a YouTube da rediyo, ya isa kunnen matar da ba ta taɓa shiga aji ba. Wa ya fi wani tasiri a kan abin da jama'a suka yarda da shi game da jikinsu?

Mu fara da zuciyar, tunda ita ce ta fi shan wahala a hannun marubuta. Tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita, da ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska, na hagu yana tura shi ga sauran jiki. Tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti in mutum yana hutawa, wato wajen sau dubu ɗari a rana, tana juya jinin da bai wuce lita biyar ba. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Ibnun Nafis, likitan Alƙahira da ya rasu a 1288, ya bayyana yadda jini ke ratsa huhu, William Harvey na Ingila kuma ya kammala bayanin zagayen jini a 1628.

Kumburin zuciya gaskiya ne, akwai shi. Amma shekaru yake ɗauka yana ginuwa. Hawan jinin da aka yi sakaci da shi yakan sa tsokar ta yi ta turi da ƙarfi har ta yi kauri, daga baya ta saki. Haka kuma ciwon maƙogwaron da yaro ya yi aka bar shi ba magani, wani lokaci yakan koma ya lalata ƙofofin da ke tsakanin ɗakunan zuciya, sai an girma abin ya bayyana. Mai wannan ciwo haki yake yi in ya taka 'yar tafiya. Ba ya iya kwanciya a miƙe, sai an tara masa matasai. Ƙafafunsa su kumbura har in ka danna yatsa ya bar rami, tari ya tashe shi cikin dare, wani cikinsa ma ya tara ruwa. Magani zai yi ta sha, a rage masa gishiri, kuma ɗaurin aure ba ya cikin abin da ake rubuta masa.

Wani zai ce ai an ji cewa baƙin ciki yana taɓa zuciya. Haka ne, kuma ba za mu ɓoye ba. Likitocin Japan sun bayyana wani ciwo a 1990 da suka kira takotsubo, inda mummunan labari ko firgici ke sa zuciya ta yi rauni farat ɗaya. Sai dai mafi yawan waɗanda yake kamawa mata ne manya da suka daina al'ada, irin wadda mijinta ya rasu ba zato, kuma akasari zuciyar tana farfaɗowa cikin makonni da kulawar asibiti. Ina wannan, ina 'yar shekara sha bakwai da aka hana ta Yaya Faisal?

Abin takaicin shi ne, labarin ciwon zuciya na gaske yana nan a ƙofar gidanmu ba mai ɗauka. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka yi nazarin wani raunin zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, har yankinmu ya shiga littattafan likitanci a matsayin ɗaya daga cikin wuraren da ciwon ya fi yawa a duniya. Sun danganta shi da yawan kunun kanwa, da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Daga baya likitocin zuciya a Kano suka ƙara haske, suka nuna hannun talauci da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom. Ku zana hoton a ranku: mai jego 'yar shekara ashirin, ta je wankan gida, ƙafa tana kumbura, numfashi yana gagara, kaka tana cewa jego ne bai karɓe ta ba a ƙara wuta a ƙara kanwa, miji yana can birni bai sani ba, ƙanwarta 'yar makarantar koyon jinya tana so ta yi magana tana jin nauyin manya. Ga soyayya, ga al'ada, ga rai a kan siratsi. Wane marubuci ne zai bar wannan ya tafi neman zuciyar da ta kumbura saboda saurayi?

Aman jini kuma, wanda jarumanmu ke yi duk sanda aka ɓata musu rai, daga ciki yake fitowa. Gyambon ciki ne ya fashe, ko hanta ta lalace har jijiyoyin maƙoshi suka kumbura suka tsage, abin da ciwon hanta nau'in B ke jawowa, kuma muna da shi jingim. In jinin ta tari ya fito, abin da za a fara zargi a ƙasarmu shi ne tarin fuka. Duk waɗannan suna kisa, kuma duk ana iya taimakon mai su in an je da wuri. Budurwar da ta karanta littafi goma aka nuna mata aman jini alamar so ce, ranar da yayanta ya yi shi me za ta fara tunani?

Hawan jini ma haka. A littafi, sai an faɗa wa Hajiya mummunan labari jininta ke hawa, ta dafe kai ta zube. Tashin hankali yana ɗaga awon jini na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne. Amma cutar hawan jini shiru take zuwa. Mutum zai yi shekara goma da ita yana cin kasuwarsa, ba ciwon kai ba jiri. Awo kaɗai ke nuna ta: lafiyayye yana wajen 120 bisa 80, wanda ya zauna a 140 bisa 90 ko sama ya shiga sahu. Darasin da mai karatu ke ɗauka daga littattafanmu shi ne, wanda ba shi da damuwa ba shi da hawan jini, wanda kuma hankalinsa ya kwanta ya warke. Da wannan fahimtar dattawa ke ajiye maganinsu, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta tsaya.

Yanzu mu zo ga jini, inda kuskuren marubuci ke iya kashe aure a zahiri. Abubuwa biyu ake cakuɗawa. Akwai rukunin jini, A da B da AB da O, wanda Karl Landsteiner ya gano asalinsa a 1901, shi ake dubawa in za a yi ƙarin jini. Akwai kuma jinotaif, AA da AS da SS, wanda ya shafi sikila. Sau nawa muka karanta yaro ya yi hatsari, aka nemi jinin uba, likita ya fito ya ce jininsu bai zo ɗaya ba, don haka ba ɗansa ba ne, nan take a rubuta wa uwa saki uku? Jama'a, uba mai A da uwa mai B suna iya haifar ɗa mai A, ko B, ko AB, ko O, duka huɗun. Jinin uba ya ƙi dacewa da na ɗansa abu ne da ake gani kullum a ɗakin gwaji. Rukunin jini yana iya kore alaƙa a wasu 'yan wurare ƙayyadaddu, amma ba ya tabbatar da ita, kuma gwajin DNA ne ake komawa gare shi. Ku tuna akwai magidancin da ke sauraron littafin nan a shagonsa, gobe za a ce masa jininsa bai dace da na 'yarsa ba. Marubucin da ya dasa masa wannan zargi ya shirya amsar da zai bayar?

Ga kuma gwarzon da ake ɗibar masa leda huɗu lokaci guda don ya ceci masoyiya, ko wanda ya ba da leda ɗaya ya kwanta jinya wata guda. Dukansu ƙarya ne. Leda ɗaya ake ɗiba, ba ta kai rabin lita ba, ruwan jinin ya dawo cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin su cike cikin makonni, namiji lafiyayye ya sake bayarwa bayan wata uku. A ƙasar da zubar jini bayan haihuwa ke cikin manyan abubuwan da ke kashe mata, tsoratar da samari daga ba da jini ba ƙaramin laifi ba ne.

Sikila kuwa, amosanin jini, ita ce jarrabawar da soyayyar zamaninmu ke fuskanta da gaske. Jar ƙwayar jinin lafiyayye tana rayuwa kwana 120. Ta mai sikila tana lanƙwashewa kamar lauje, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, ta kuma toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan azabar ciwon ƙashi ke tasowa. In mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kowane ciki, a kula. Ba a nufin ukun farko za su tsira na huɗu ya kamu, kamar yadda wasu littattafai ke lissafawa. Ana iya haifar huɗu duk lafiya, ana iya haifar huɗu duk masu ciwon. Nijeriya ce kan gaba a duniya, da jarirai wajen 150,000 a shekara, kuma a 2024 Jihar Kano ta sanya dokar gwaji kafin aure. Amma me muke gani a rubuce? Ko dai a kashe mai sikila ranar da ta cika ashirin kamar an yanka mata wa'adi, ko a ce bayan aure an sake gwaji SS ta koma AA don kulawar miji. Jinotaif gado ne, so ba ya canza shi, sassaƙe ba ya canza shi. Dashen ɓargo yana iya warkarwa, amma ga tsada ga hatsari. Masu sikila kuma da yawa suna girma, su yi karatu, su yi aure, su haihu, in sun sami kulawa. Suna cikin masu karanta mu. Ku yi tunanin yadda suke ji in suka ga an binne irinsu a shafi na arba'in don a share wa kishiya hanya.

Wani abu da ba mu taɓa cin karo da shi a littafi ba, alhali yana da labari a cikinsa: matar da jininta ke da alamar negatif, mijinta fozitif. Ɗan fari ya zo lafiya, na bayansa su yi ta zuwa da shawara mai tsanani ko su mutu a ciki, saboda jikin uwar ya koyi yaƙar jinin jaririn. A gida a ce wabi take yi, a fara kallon kishiya. Allura ɗaya cikin awa 72 bayan haihuwar fari tana iya hana wannan duka.

Akwai maganar da za mu yi da kunya, amma dole a yi ta, wato daren farko. Ya zama kamar farilla a wasu littattafai sai amarya ta suma, jini ya ɓata shimfiɗa, a kira likita ta yi ɗinki, ango ya yi ta sa albarka don ya same ta cikakkiya. A ɓangare guda kuma, wadda ba a ga jini ba, an gama yanke mata hukunci. Ilimin ƙirar jiki bai san da wannan ba. Tantanin da ake magana ba murfi ba ne, siririyar fata ce a gefe mai buɗaɗɗen tsakiya, in ba haka ba ta ina jinin al'ada zai fita? Siffarsa ta bambanta daga mace zuwa mace, na wasu yana da taushi yana miƙewa. Mata masu yawa da ba su taɓa sanin namiji ba, ba sa zubar da jini a daren farko. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani gwaji da zai iya nuna budurci. Suma da ɗinki kuwa alamar an ji wa mutum rauni ne, kuma marubucin da ya mai da su abin alfahari yana koya wa samari mugunta da sunan mazantaka. Yarinya nawa aka mayar gidan ubanta da asuba, ta kamu da tabon da ba za ta wanke ba har abada, a kan abin da ba ta aikata ba? Mun san hukuncin ƙazafi a addininmu. Littafin da ke ƙarfafa wannan zato yana da kaso a cikin alhakin.

Haka batun haihuwar mata. Kowane ɗan Adam yana da ƙullin gado 46, rabi daga uwa rabi daga uba. Uwa X kaɗai take bayarwa. Daga uba ne X ko Y ke zuwa, kuma da shi ne, cikin ikon Allah, ake samun mace ko namiji. In uwar miji a labari ta zagi suruka don tana jera mata, wannan daidai ne, haka ake yi a gidaje. Laifin shi ne marubuci ya tsaya a bayanta, ya kawo amarya ta haifi namiji a cikin fari don ya nuna uwargida ce mai matsala. Rashin haihuwa ma, a kusan rabin ma'auratan da ke fama da shi akwai hannun matsalar namiji, ko shi kaɗai ko tare da ta macen, amma a littafi mace kaɗai ake kai wa awo. Yoyon fitsari kuwa, da wasu ke rubutawa kamar sakayyar mugun hali, doguwar naƙuda ce ke kawo shi: kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashi na tsawon lokaci, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe. Yankan gishiri ma yana jawo shi. Ana ɗinke shi, kuma Dakta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya shafe shekaru yana wannan aiki a Babbar Ruga ta Katsina.

Sauran za mu bi su da sauri. Wanda ya yi wata shida a dogon suma ba ya tashi ya rungumi matarsa ya tuƙa mota zuwa gida. Tsokarsa ta zube, bayansa ya yi gyambo in ba a juya shi, ta roba ake ba shi abinci, sai ya sake koyon zama da tsayuwa. Wanda ya manta kansa don ya bugu a ka, bugu na biyu ƙara masa rauni zai yi. Ƙwaƙwalwa tana fara mutuwa in ta yi 'yan mintuna ba iska. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki, yana iya wucewa huhu. Mai farfaɗiya ba a cusa masa cokali, kuma yawunsa ba ya harbin kowa. Kyautar ƙoda ba a yin ta da yamma bayan an yanke shawara da safe: gwaje-gwaje ne na makonni, wanda aka dasa wa kuma zai sha magani iya rayuwarsa don kada jiki ya ƙi baƙuwar. Tun 2002 ake dashen ƙoda a asibitin Malam Aminu Kano, ga kuma mutanen Gashuwa da kewaye da ciwon ƙoda ya addaba. Masu ba da labarin gaskiya suna kusa.

Mun san amsoshin da za su biyo baya, don mun sha jin su a tarukan ƙungiya. Ta farko, ai ƙirƙira ce. To, wa ya hana ƙirƙira? Ku kawo aljani, ku kawo dokin da ke tashi sama, mai karatu ya san inda kuka kai shi. Amma ranar da ka sanya wa mutum farar riga, ka ajiye shi a asibiti a Kaduna, ka kira shi Dakta, ka ari amanar da jama'a suka ba likitoci ne, dole ka riƙe ta. Ba mu taɓa ganin wanda ya rubuta jarumi ya yi Magariba raka'a huɗu ya ce ai labari ne ba. Ba wanda zai sa mota ta tashi daga Kano zuwa Zariya ta bi ta Sakkwato. Marubutanmu sun san sunan kowace babbar mota da kowane turaren Dubai, ba sa kuskure a nan. Ashe ana bincike in an ga dama.

Ta biyu, mu ba likitoci ba ne. Mu ma masu wannan rubutu ba su ba ne. Yawancinmu difloma ce ko takardar malanta, wasu sakandare. Ba a ce kowa ya zama Yusuf Idris na Masar ko Chekhov na Rasha ba, waɗanda suka haɗa likitanci da rubutu. Abin da ake nema kaɗan ne. Littafin bayoloji na babbar sakandare ya isa ya gyara rabin kurakuran da muka lissafa. Sauran rabin, wace unguwa ce babu nas, ko ungozomar asibiti, ko ɗalibin likita, ko mai aikin ɗakin gwaji? Ka ba shi babin ya karanta, ka tambaye shi abin da zai faru da gaske, a wane tsari, cikin kwana nawa, kuma nawa za a kashe. Matambayi ba ya ɓata. Sau da yawa ma amsar da zai ba ka ta fi abin da ka ƙaga daɗi, don a bakinsa za ka ji yadda layin karɓar kati yake, da warin ɗakin, da uban da ya fita sayar da akuya don kuɗin leda ɗaya ta jini.

Ta uku, kunya. Wannan ta fi ba mu mamaki, don sau da yawa masu kawo ta su ne masu shafi goma a kan daren farko. Malamanmu na zaure sun karantar da haila da jinin biƙi da janaba a Ahalari da Ishmawi da Risala, da Hausa, a gaban yara da manya, ba wanda ya ce sun yi batsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basur. Akwai hanyar faɗar gaskiyar jiki cikin ladabi, kuma mun gaje ta.

Ta huɗu ce ke da ɗan nauyi, wato cewa Hausa ba ta da kalmomin. Wani ɓangare na wannan raini ne kawai. Ku je mahauta ku tsaya kusa da mai feɗe akuya: hanta, huhu, saifa, ƙoda, tumbi, hanji, matsarmama, mafitsara, laka, ɓargo, agara, haƙarƙari, duk zai nuna muku da bakin wuƙa. Maɗori ya san gaɓoɓi, wanzami ya san beli, ungozoma ta san mabiyiya. Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 cike suke da irin waɗannan. Marubucin da ke rubuta sunan saifa da Turanci bai nema ba ne.

Amma akwai gurbi na gaske, kuma cike shi aikinmu ne, don likita ba shi da lokacin saƙa kalma. Ɗauki jijiya. Da ita muke kiran bututun da ke kai jini daga zuciya, da wanda ke dawo da shi, da zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Abubuwa huɗu mabambanta, suna ɗaya. In likita ya ce wa tsoho jijiyarsa ta taɓu, wacce ya fahimta? Mahaifa tana nufin inda ɗa ke kwana, a wasu bakunan kuma tana nufin abin da ke biyo shi. Ƙwayar halitta ta zama buhun da ake zuba komai a ciki, daga tubalin ginin jiki har abin gado. Sanyi kuwa, cuta nawa ce ke ɓuya a ƙarƙashinsa?

Shawararmu ga wannan zaure guda biyu ce. Duk babin da ke da asibiti a ciki, a nuna wa ma'aikacin lafiya kafin a sake shi, kuma muna roƙon ma'aikatan lafiyan da ke cikinmu su bayyana kansu don a san wanda za a nufa. Sannan mu fara tara kalmomin jiki, kalma ɗaya duk mako, a kawo yadda ake faɗarta a Sakkwato da Katsina da Damagaram da Zangon Kumasi. Ta farko ita ce jijiya. Namu tayin shi ne a ce jijiyar kai jini, jijiyar dawo da jini, jijiyar saƙo, a bar wa ta huɗun sunanta na agara. Wanda ke da kaka ko maƙwabci mahauci, ya tambayo mana ko suna da abin da ya fi wannan.